Habu, Ka Fito Bakin Ruwa Ranar Juma'a

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Habu ɗan Goggo Asabe, mai aikin kicin a bakin Tafkin Komo, can ƙasar Italiya. Bayan gaisuwa mai yawa, ya sanyi, ya aiki, ya haƙuri da mu? Ni ne Sabitu mai faci na Gauraka, taubashinka, ɗan Kawu Garba. Na san da ka ga sunan za ka ja yatsa ka wuce. Don girman Allah ka daure ka kai ƙarshe. Na rubuto a fili ne saboda ka toshe ni ta ko'ina, layi ma ka canja, yau wata biyar ba wanda ya ji duriyarka. Wataƙila a cikin masu karantawa a samu wanda zai kai maka.

Goggo ba ta da lafiya. Kwana goma sha biyu ke nan ta faɗi a bakin murhu, ɓarin jikinta na dama ya mutu, baki ya karkace. An sallamo mu daga asibiti, tana kwance a ɗakinta a unguwar Hashimi. Maganarta kullum raguwa take yi. Makon jiya tana haɗa kalma huɗu, biyar. Jiya sunanka kaɗai ya fita, shi ma rabi.

Na san abin da ka ce yanzu a ranka: ga shi nan kuma. Ba ka yi laifi ba.

Ranar da na yi maka waccan, ina zaune kan taya a gindin mangwaron gareji, kanikawa sun kewaye ni. Na toshe hanci na ɗauko muryar yayarka, Yaya Hajara, na turo maka saƙon kuka cewa an ɗauki Goggo ranga-ranga. Har shessheƙar nan tata na yi. Muka yi dariya har Oga Sunday ya zubar da shayinsa. Niyyata in bar ka minti biyar in ce maka wasa ne. Sai ga tirela ta zo da taya biyu a sace, na jona wayar a caji na manta da ita. Sai la'asar na duba. Kira sittin da wani abu, duk naka. Wayar Yaya Hajara kuwa tana wurin mai gyara, Goggo ba ta taɓa riƙe waya ba, da tawa kuke magana. Ka bar tukunya a wuta, baƙi cike da otal, ka nufi filin jirgi. Kafin gari ya waye ba ka da aiki.

Da aka kai maganar gaban Goggo, ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta ce ai ba a fushi da taubashi, tun kaka da kakanni haka aka gada. Kai kuma ka ce to mu zauna da gadonmu. Daga nan ɗif.

Habu, ita ba ta san abin da korar aiki take nufi a can ba. Ni na sani, ko ya kamata in sani. Ni ne na zuba maka barkono a hula ranar Sallah, ni ne na ɗaure maka jelar akuya a bayan keke, ba ka taɓa wuce tsaki ba, sai na ɗauka haƙurinka ba shi da iyaka. Laifin nawa ne. Ita take biya.

Yanzu ko na turo maka muryarta, za ka ce ni ne na toshe hanci. Ko hoto na turo, za ka ce haɗawa na yi. Shi ya sa na nemo mutum. Alhaji Tanko mai takalma, na bakin kasuwa, wanda ya kore mu daga sahun gaba muna yara. Ka san bai taɓa dariya ba tun da aka haife mu. Ya zo ya duba Goggo da idonsa, ya riƙe hannunta. Yanzu haka yana Milan sarin kaya, Asabar zai taso. Na durƙusa masa a shago gaban mutane har ya ce in tashi ina kore masa ciniki. Ya ba ni yini ɗaya: Juma'ar nan.

Za ka ce ina na san hanya, ni da ko Minna sau ɗaya na je. Kai ka koya min. Ka tuna saƙon zagin da ka turo kafin ka toshe ni? Mai minti goma sha ɗaya? A ciki ka zayyana min duk wahalar da na sa ka: yadda ka shiga jirgin ruwa da rigar kicin a jikinka, ka sauka a Barenna, ka hau tudu da gudu zuwa tasha, ka faɗa jirgin ƙasa ba ka buga tikiti a inji ba har aka ci ka tara, ka sauka a babbar tashar Milan kana kuka mutane suna kallonka. Na saurari saƙon nan har na haddace shi fiye da izu biyun da Malam ya sha wuya a kaina. Na zauna na juya shi daga ƙarshe zuwa farko, na cire zagin, abin da ya rage shi ne hanyar. Na rubuta wa Alhaji da ajami a bayan kwalin faci, na ɗauki hoto na tura masa. Wani ɗan Gana da Alhaji yake sauka a gidansa ya duba ya ce daidai ne.

Ga yadda za a yi. Da ya idar da sallar asuba zai tafi babbar tasha, ya shiga jirgin ƙasan da ke bin gefen ruwa. Na ja masa layi uku a ƙarƙashin maganar buga tikiti. Tafiyar kamar awa ɗaya ce. Na ce kada ya kuskura ya gyangyaɗa, don ka taɓa faɗa min in mutum ya wuce Barenna sai ya tsinci kansa cikin duwatsu masu ƙanƙara. Ɗan Ganan zai sa masa ƙararrawa a waya. In ya sauka zai gangara tudun da ka hau, har bakin ruwa inda ake yankar tikitin jirgin ruwa.

A nan ne ilimina ya ƙare, Habu. A ƙarshen saƙonka ka ce za ka bar Belajiyo ka nemi aiki a wani gefen ruwan, ba ka faɗi wane gefe ba. Jirgin yana tsayawa Barenna, Belajiyo, Menajiyo, ya juyo. Ban san ko kana ɗaya daga cikinsu ba. Ban san ko kana bakin tafkin ba ma. Kuma Alhaji ba zai iya bin otal-otal yana tambayar wani baƙin yaro ba, shi da Italiyancinsa bai wuce na farashin takalmi ba.

To ga dabarar da na yi, ita kaɗai ce dabarata da ba ta mugunta ba. Ba zai sauka ba. Zai yanki tikitin yini, ya tsaya a gaban jirgin, ya yi ta zagaye daga hantsi har jirgin ƙarshe da zai sada shi da na ƙasa. Babbar riga fara zai sa da jar dara. A duk faɗin tafkin nan ba za a samu mutum biyu da wannan shiga ba. Ko daga tagar kicin ka leƙo za ka gan shi. Ka san kuwa mutumin nan ko kwalekwale bai taɓa shiga ba? Ya tambaye ni zurfin ruwan sau uku. Sallar Juma'a ma zai rasa, ya ce shi matafiyi ne, Allah ya yi masa rangwame. Dattijo mai shekara sittin da ɗoriya zai yini yana lilo a kan ruwan sanyi saboda iya shegena.

Ba a ce ka dawo gida ba. Mun san takardunka ba su gama fitowa ba. Ka fito bakin ruwa kawai, ko da hutun rabin awa ne, ka ɗaga masa hannu. Zai sauko ya kira bidiyo ya miƙa maka wayar. Ta gan ka, ka gan ta. Akwai abin da take son faɗa maka, tana ta kokawa da shi, harshe ya ƙi. Yaya Hajara ta ce cewa take son yi bai kamata ta yi dariyar nan ba. Ni ban sani ba. Na dai san in aka ƙara mako ba za ta iya faɗin ko wannan ba.

Daga nan ɓangaren mun shirya. Na aro fawa banki biyu, na sa data, na gwada duk kusurwar ɗakin, sabis ya fi ƙarfi a bakin taga, mun ja gadonta can. Zan rufe wurin faci tun Alhamis. In kiran ya shigo zan ba Yaya Hajara wayar in fita waje in tsaya a zaure. Ba za ka ga fuskata ba, ba za ka ji muryata ba. In ka so ka shekara goma ba ka yi min magana ba, ka yi, na ci bulalata. Amma kada ka bari jirgin ƙarshe ya mayar da Alhaji Barenna da wayar a aljihu, domin ni za a aika in faɗa mata, kuma ban san da wane baki zan shiga ɗakin ba.

Allah ya sa wannan takarda ta iske ka kafin Juma'a. Allah ya kwantar da iska a kan ruwan, ya hana Alhaji barci a jirgi, ya buɗe sabis. Allah ya riƙe wa Goggo harshenta kwana uku kacal, ya sanyaya maka zuciya ko da na yini ɗaya ne. Amin.

Wassalam.

Taubashinka da ya ɓata,
Sabitu mai faci, Gauraka, Suleja.