Takardar Da Matata Ta Rataye A Falo

Malama mai filin shawara, don Allah ki taimake ni, kuma ki sakaya sunana, domin wannan maganar ko aminina bai san ta ba.

Shekarata hamsin da tara. Na yi ritaya daga aikin duba lafiyar motoci, kuma shekara goma sha biyu ke nan ina tuƙa ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu na ƙungiyarmu ta matuƙa, don sha'awa kawai. A can Mai Doka suke kirana, saboda ba na tashi sai na zagaya jirgin da takarda a hannu, na duba mai, taya, fiffike, har ƙusoshi. Wanda ya yi gaggawa kuwa sai ya sha faɗa.

Wata uku da suka wuce na durƙusa ƙarƙashin fiffike ina ɗibar mai a 'yar kwalba, in ga ko ruwa ya shiga. Ina miƙewa sai duhu ya rufe ni. Na farfaɗo kwance a kan siminti, kwalbar ta gangara gefe, ba kowa a rumfar ajiye jirgin. Na karkaɗe riga na ce yunwa ce. Da abin ya sake faruwa a banɗakin gida, na ce wa iyalina santsi ne.

Sai lokacin sabunta takardar lafiya ya zo, wadda ba a tuƙi sai da ita. A fom ɗin likita akwai tambaya ko na taɓa suma. Na daɗe riƙe da biro, sannan na rubuta a'a, na sa hannu. Likitan ya duba ido, kunne da zuciya, ya ce na fi wasu samarin lafiya, har na taya shi dariya. Ni da na shekara talatin ina korar direbobi saboda sun ɓoye lalataccen birki!

Ga inda abin ya fi ci mini rai. Matata ba ta taɓa yarda ta hau jirgin ba, ita ko tsani ba ta ƙauna. Da ta ga takardar sai ta ce tunda likita ya tabbatar, ta yarda. Ta sa an yi wa kwafinta firam, ta rataye kusa da hoton aurenmu. Ta shaida wa ƙannenta kaf, har tabarau ta saya. Asabar mai zuwa za mu tashi.

Wallahi yanzu ba na iya cin abinci a falon nan. In na faɗi gaskiya wataƙila a hana ni tuƙi, 'yan ƙungiya su ji Mai Doka ya shara ƙarya. Wani lokacin in ce ai sau biyu ne kawai, kuma ba a sama ba. Sai in tuna ita ko maɓalli ɗaya ba ta sani ba a jirgi. Kunya ta ishe ni. Yaya zan yi?

Mai gudun falonsa

AMSA

Yayana, kada ka tuƙa jirgin nan ran Asabar, kuma kada ka tuƙa shi kai kaɗai kafin likita ya ji komai. Wannan ba ya buƙatar dogon tunani.

Na fahimci abin da ya riƙe maka biro. Shekara goma sha biyu ba wasa ba ce, kuma kowa yana tsoron a ce masa ya tsufa. Amma likitan ya sa hannu ne a kan abin da ka gaya masa, matarka kuma ta danƙa ranta ga wannan sa hannun. Ka san haka, shi ya sa abinci ya ƙi shiga.

Fara da ita, yau. Ka sauke firam ɗin da hannunka, ka gaya mata ba santsi ba ne. Za ta yi fushi, kuma tana da gaskiya, ka bar ta ta yi. Gobe ka koma wurin likitan ka gyara amsarka. Ban san hukuncin da za a yanke ba, ba zan kuma yi maka alkawarin za ka koma tuƙi ba. Suma na da dalilai da yawa, wasu masu sauƙin magani ne, wasu ko a ƙasa ba a wasa da su. Ka tambaye shi har batun tuƙin mota. Wanda ya kai kansa ya fi wanda aka gano samun sauraro. 'Yan ƙungiya kuwa za su yi surutu su gaji.

In ta huce, likita kuma ya yarda ka hau a matsayin fasinja, ka roƙi wani matuƙin ya ɗauke ku. Ka yi zagayenka da takardarka kamar kullum, sannan ka zauna a kujerar baya kusa da ita. Matar da ke tsoron tsani za ta nemi hannun da za ta riƙe, da kai ke tuƙi kuwa ba za ta samu ba.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya mata zuciya.