Kafin a Rufe Ɗakin Jira

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da Inna. Yaya gwiwarta? Tana shafa maganin kuwa, ko har yanzu ajiyarsa take yi wa baƙi? Yaya kuma ƙarin haƙurinmu? Allah ya jiƙan 'yarmu Lauya, ya sa mai ceto ce.

Ki yi mini dariya in kin ga dama. Ni da nake cin abinci da waya, yau ga ni da biro da takarda, rubutun duk ya karkace. Amma tunda kin koma wajen Inna kin kashe wayarki kin kulle a durowa, ba ni da hanyar samun ki sai ta hannun Baban Lauya, ran da zai zo duba ki.

Aiki yana nan yadda kika bar shi. Filina na ranar Asabar a jarida bai mutu ba, ina ta gwada manhajojin sada zumunta ina raba musu taurari. Teburina yana nan a lungun da fanka ba ta kaiwa, da wayoyina uku, ɗaya fuskarta a tsage, da cajar da na naɗe da salatif. Kin san dokata, ba na yabon manhaja sai na tare a cikinta kamar 'yar haya na ga inda take yoyo. Watan nan na gwada wata sabuwa ta gajerun bidiyo. Na shiga da niyyar leƙawa, ban farga ba sai da shayina ya huce, datata ta ƙare, kuma da za ki tambaye ni abin da na gani ba zan iya kawo ko ɗaya ba. Tauraro biyu na ba ta. Akwai ta hotuna, inda falon kowa tsaf yake, ba yaron da ya taɓa zubar da abu a kujera. Akwai ta hira da murya, ba ta cin data, sai dai cike take da mazan da in suka karɓi magana ba sa saki. Wadda na ba huɗu ita ce ta saƙonni, don tana tafiya ko da layi ya yi rauni, kuma za ki iya toshe bakin zaure guda ba wanda ya sani. Da zauren danginmu na gwada. Kada ki gaya wa Kawu.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Edita ya ce in fitar da shafukan da suka cancanci mutum ya ɓata lokacinsa a kansu. Na zaɓi na wani mai gyaran keken ɗinki da ke nuna komai da hoto, da na wata malama da ke koyar da lissafin sakandare ba tare da ta sa yaro ya ji shi daƙiƙi ne ba, da na wani dattijo mai shuka kayan lambu a buhu a bayan gidan haya. Na kan gaba kuwa naki ne, Ɗakin Jira. Ba don ke yayata ce ba. Kin san ni, da ba shi da kyau da tuni na faɗa miki a gaban Inna.

Matsalar ita ce kamfanin da shafin yake kansu sun sanar za su rufe a ƙarshen watan nan. Duk wanda bai shiga ya sauke kayansa ba, sun tafi ke nan: rubutu, hotuna, muryoyi, da tsokacin masu karatu. Duk abin da kika rubuta a kan bencin asibiti tun ranar da aka ce Lauya tana da sikila yana ciki. Mai shafi kaɗai ke iya saukewa, kuma ta wayarki za su turo lambar shiga. Ba dogon aiki ba ne, Yaya. Ki kunna, ki karanta lambar, ki kashe, sauran ni zan yi.

Ki gaishe mini da Inna, ki ce ina tafe in aiki ya lafa.

Ƙanwarki,
Auta

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya. Baban Lauya ya ce kin ɗan fara cin abinci, na ji daɗi ƙwarai.

Saƙonki ya iso, gajere kamar yadda na zata: in bar shi ya tafi. Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Har na ce wa Baban Lauya ya lallaɓa ya ɗauko wayar in kin shiga wanka. Ya dube ni, irin kallon nan nasa na malamin makaranta, ya ce durowarki ce, shi ba ya buɗe ta. Na ce masa ai shi ma 'yarsa ce. Ya ce ya sani. Na bi shi da ruwan sha har mota don kunya.

Na gwada wata hanya, na zauna ina ɗaukar hoton shafin da wayata ɗaya bayan ɗaya. Rubutu yana ɗaukuwa, amma muryoyi ba sa ɗaukuwa, tsokaci kuma a ninke yake, sai an buɗe kowanne da hannu. Ko da ma na gama, ba zan kai kayanki wani wuri in baje ba da yawunki ba. Na ajiye.

Shekaranjiya wata mata ta zo ofis nema na. Mai gadi ya so ya hana ta, ta zauna a kan matakala ta ce ba inda za ta. Kin san ta a rubuce, ita ce mai sa hannu da Maman Tagwaye a ƙarƙashin kusan duk abin da kika wallafa. Ni na ɗauka babbar mace ce, ashe ba ta kai ni ba. Ɗaya daga cikin tagwayen nata ne mai ciwon. Ta ga sanarwar rufewa, ta san ni ƙanwarki ce, shi ne ta zo ta ji ina za a koma.

Na ba ta kujerar edita, don ba ya nan. Ta ce a shafinki ta koyi ajiye jaka a shirye a bayan ƙofa, da bargo da kwalbar ruwan ɗumi da katin asibiti. A nan ta koyi yadda za ta yi wa likita bayani in ya ɗauka yaron raki yake yi, ba tare da ta yi ihu an kore ta ba. Ta ce ranar da surukarta ta ce daga danginta aka kwaso ciwon, shiga ɗaki ta yi ta karanta abin da kika rubuta ranar da aka faɗa miki irin wannan, ta fito ta ɗora tukunya. Sannan ta ce akwai wata maƙwabciyarta da aka gwada jaririnta kwanan nan, ba ta iya karatu sosai ba, muryoyinki take kunna mata.

Ban yi mata alkawarin komai ba. Na ce mai shafin ba ta da lafiya. Ta ce sun sani, sun daɗe suna yi miki ta'aziyya a can, ba su san ko kin gani ba.

Yaya, aikina ke nan, na leƙa shafuka fiye da yadda zan iya tunawa. Na ciwon nan akwai su da yawa. Wasu likitoci ne ke rubutawa, daidai ne amma ba ɗumi. Wasu kuma masu tallan magani ne, suna cewa wata uku an warke, su nake tsoro. In naki ya tafi, wajensu matan nan za su faɗa. Ba ina ɗora miki nauyi ba ne. To, ina ɗora miki, amma kin san halina.

Ki gaida Inna. Na sa sabulun da take so a jakar Baban Lauya.

Taki,
Auta

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya jikin Inna, ya naki ƙarfin halin?

Na ga sharaɗinki, kuma na gode da kika rubuto da hannunki. Kin ce in dai don matan ne, in kwafi shawarwarin kawai daga abin da kowa ke gani, in cire sunan Lauya da hotunanta da duk maganarta, in buga a filina. Ta haka ba sai kin taɓa waya ba. Na ce to, wannan adalci ne, na zauna na fara.

Da rubutunki na shan ruwa na soma. Kin tuna shi. Lauya ta ce kofin yau ya fi na jiya girma, ba za ta sha ba sai an kawo shaida. Kika ba ta kwalba da biro kika ce ta ja layuka da kanta, in ta kai kowane layi ta sa hannu. Ta sha, amma ta ce a rubuta cewa ba da son ranta ba ne. Na cire sunanta, na cire gardamar, na cire kwalbar tunda akwai hotonta a jiki. Abin da ya rage shi ne: a riƙa ba yaro ruwa da yawa. Na gwada na sanyi, ya koma a rufe yaro da kyau. Na gwada na ƙarin jini, wanda ta tambayi nas ko mai jinin ya iya lissafi don tana da jarrabawa, ya koma a kwantar wa yaro da hankali.

Na tura wa Maman Tagwaye ba tare da na ce komai ba. Ta amsa da ladabi, ta ce Allah ya saka, amma wannan ai yana manne a bangon asibiti.

Gaskiyarta ne. In aka cire yarinyar nan ba abin da ya saura, kuma ni ba zan iya ci gaba da goge ta layi-layi ba. Jiya a kan na uku na tashi na shiga banɗakin ofis na yi kukana, na fito na ce wa edita mura ce. Ni ma 'yata ce, Yaya. Ni na raɗa mata Lauya ranar da ta kayar da ni a musu a kan lokacin barci.

Na san ba shafin kike gudu ba, wayar kike gudu. Ban san me za ki tarar in kin kunna ba, kuma ba zan yi miki ƙarya in ce ba komai. Ga abin da zan yi. Ranar ƙarshe da hantsi, lokacin Baban Lauya yana wajenku, zan nemi su turo lambar. Za ta shigo wayarki ko tana kunne ko tana kashe. In kin karanta masa, zai kira ni, in sauke komai in ajiye, ba zan wallafa ko harafi ba sai abin da kika ce. In kuma ban ji kira ba, shi ke nan. Zan cire Ɗakin Jira daga zaɓina in sa na wata mai koyar da gyaran gashi, kuma ba za ki ƙara jin zancen nan a bakina ba har abada.

Ko me kika yi, yayata ce ke. Ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, Inna tana gaishe ki, ta ce sabulun ba irinsa ba ne amma ta gode.

Baban Lauya ya ce kin sauke komai har da muryoyin. Sannu da aiki. Kin dame ni ƙwarai, kuma kin kyauta.

Ki mayar da shi duk inda kika ga ya fi, ke kika san waɗanda ba sa yoyo. Ki bar Lauya a ciki, da sunanta da hotunanta da kwalbarta. Da tana nan ta ji an cire ta, da ba mu kwana lafiya ba. Ki ce wa Maman Tagwaye na ji, in na samu ƙarfi zan neme ta. Ba yanzu ba.

Kin ce ba ki san me zan tarar ba, bari in gaya miki. Sai da aka sa wayar a caji kafin ta tashi. Tana tashi saƙonni suka yi ta shigowa har ta yi zafi a hannuna. Ban buɗe ko ɗaya ba. Na nemi lambar na karanta wa babanta, ya fita tsakar gida ya kira ki. Na kai yatsa zan kashe ke nan, sai ta yi ƙara. Na manta akwai manhajar da ke tuna mini lokacin maganin Lauya. Ba wanda ya gaya wa manhajar. Ta fito da sunan Lauya, da ƙwayar rana, da tambayar da ta saba yi mini: ta sha?

Wurin dannawa biyu ne kawai a ƙasa, ɗaya an rubuta ta sha, ɗaya an rubuta anjima. Na duba ko akwai na uku, babu. Na daɗe riƙe da ita, tana ta ƙara, har Inna ta leƙo daga ƙofa ta koma.

Na danna anjima.

Wayar tana nan a kunne. Kada ki rubuto mini yadda ake cire abin nan, na san kin sani. In na shirya zan tambaye ki.

Ki kula da kanki, ki riƙa cin abinci a kan lokaci. Allah ya yi miki albarka.

Yayarki,
Maman Lauya