Ruwa ya shiga, ɗaki bai faɗi ba

Daren Laraba, tsakiyar damina, Matameye.

Autata Rabi ta sauka, namiji! Kuma a ɗakin nan na ƙasa da aka ce ba zai ga ƙarshen damina ba. Alhamdu lillahi.

Amma raina a ɓace yake. Kwana goma na yi ina haƙa wa ruwa hanya a bayan ɗakin, ina jera buhunan yashi, har yanzu ƙuguna bai miƙe ba. Jiya aka kwana ana ruwa, ya shigo iya idon sawu ya fice. Da safe maƙwabcina Alhaji Isa ya leƙo, ko barka bai yi ba, sai ya ce: "Malam Habu, ina amfanin wahalar? Ruwa dai ya shiga!" Shi da katangarsa ke kwance tun bara!

Jikata Hadiza, mai karatun Ingilishi a Damagaram, ta ce: "Kaka, ƙyale shi. Abin da ka yi sunansa mitigate." Ta ce ba hana masifa ake nufi ba, rage mata kaifi ne, kamar alƙali ya sassauta hukunci, ko magani ya sa ciwo ya lafa. Na sa ta rubuta, na kwafa da hannuna na ɗan yaƙi da jahilci. Bara ruwa har gwiwa, bana tabarma kawai ta jiƙe. Wannan ba aiki ba ne?

Ranar suna ina so kowa ya zo ya gani, musamman Alhaji Isa. Ga jariri, ga bango a tsaye. Ya zo ya dafa da hannunsa.