Wadda Ta Karanta Mini Wasiƙarka

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kana lafiya, kai da aiki da sanyin can da kullum kake kuka da shi. Mu nan sai godiya. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana zuwa sujada da kansa, sai dai har gobe faɗa yake da sandar da likita ya ce ya riƙa dogarawa. Allah ya tsare mana kai, ya sa albarka a wahalarka.

Wasiƙarka ta iso ranar Talata, na kuma ga ranka a ɓace yake. Ka ce a cire 'yarka Aku daga makarantar coci, tunda sun mayar da ita aji biyu alhali aji huɗu take a tsohuwar makarantarta, ita ce ma ke zuwa ta uku. Ban ga laifinka ba. Ni ma ranar da ta dawo da wannan labari, ko ɗankwali ban gama ɗaurawa ba na nufi makarantar. Ka dai san yayarka in ta hau.

Shugabar makarantar wata dattijuwa ce mai furfura. Ta bar ni har na gama zazzaga. Sai ta ba ni kujera, ta sa aka kira yarinyar, ta miƙa mata littafin karatun da ta zo da shi daga tsohuwar makarantar. 'Yarka ta zuba shi tiryan-tiryan, ni kuwa ina ta hura hanci. Daga nan matar ta buɗe tsakiyar littafin, ta sa tafin hannu ta rufe hoton, ta nuna kalma ɗaya da yatsa. Shiru. Ta nuna wata. Shiru. Ƙanena, ashe duk shekarun nan hadda take yi! A can su saba'in ne a aji, malami ya faɗa su maimaita, ita kuwa ba a banza muke kiranta Aku ba, abin da ya shiga kunnenta ya zauna. Hoton take kallo ta san inda za ta ɗauko. Na ji kunya ƙwarai, don ni da take kwana a ɗakina ban taɓa ganewa ba.

Ba zan yi maka ƙarya in ce makarantar nan tana ɗaukar ido ba. Ɗaki huɗu ne a bayan coci, bencinan ma na coci ne, ranar Asabar a kwashe, Litinin a dawo da su. In ana ruwa sai 'yan aji ɗaya su matsa gefe saboda yoyo. Filin wasa kuwa, sai dai a yi haƙuri. Amma su goma sha shida ne a ajinta, kuma malamarsu ta san wanda ya karya kumallo da wanda ya fito haka nan. Kullum kafin addu'ar safe sai ta zauna da Aku a bakin ƙofa, da marafan kwalba da ta rubuta haruffa a kansu, su haɗa kalma, su wargaza, su sake haɗawa. Wata biyar ke nan ba fashi, ban taɓa jin ta daka mata tsawa ba. Na rasa bakin da zan gode wa matar nan.

To, ranar da wasiƙarka ta zo, tabarauna yana wurin mai gyara. Ina ta juya takardar, sai Aku ta ce tunda daga babanta ne, in ba ta. Da na san abin da ke ciki da ban ba ta ba. Ta ɗora yatsa, tana bi a hankali, ga rubutun nan naka kamar kaza ta yi tono. Gaisuwar kaɗai sai da ta ci lokaci. Har ta iso inda ka ce babu abin da suke koya mata sai ɓata lokaci, a cire ta. Ta karanta shi har ƙarshe, ko kalma ɗaya ba ta tsallake ba. Sannan ta ɗago kai ta tambaye ni ko daidai ta karanta. Na ce daidai ne. Na shige ɗaki na yi kuka, na murna da na tausayi a haɗe. Tun ranar, kowace safiya sai ta tambaye ni ko ta sa kayan makaranta, ni kuma in ce ta sa.

Baba yana gaishe ka, da maigidana, da Kawu mai gyaran rediyo, da autarmu da mijinta. Ka gaida abokan zamanka.

'Yarka ce, kai ke da iko, ni riƙo kawai nake yi. Ina roƙonka ka bar ta. In kuwa ka nace sai an cire ta, to kada ka aiko ta hannuna. Ka rubuto mata da kanka, don yanzu babu abin da zan iya ɓoye mata a takarda.

Taka har kullum,
Yayarka