Ni Na Nuna wa Awudu da Ido

Assalamu alaikum Anti, da ke da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma a karanta har ƙarshe kafin a yanke mini hukunci.

Ni direba ne a Doha. Duk Juma'a bayan la'asar muna buga softbol a wani fili a Mu'aither, wasan da muka koya wurin abokan aikinmu 'yan Filifin: ka doki ƙwallo da sanda, ka ruga ka taka bes na farko, wato ɗan filon da ake ajiyewa a ƙasa. Ni ne alƙali saboda ciwon gwiwa. A doka, idan mai gudu ya tsallake bes bai taka ba, alƙali ba ya magana ko da ya gani. Sai 'yan ɗaya ɓangaren sun yi ƙorafi da kansu kafin ya dawo ya taka, sannan a fitar da shi.

Yaya Sale shi ya saukar da ni a ɗakinsa da na zo ƙasar nan. Mutum ne mai tsokana. Ran nan a gaban kowa ya ce, "Alƙali, gilashin nan naka na ado ne?" Aka yi dariya, abin ya tsaya mini a rai. Da ya ruga, ƙafarsa ta tsallake bes, ni kaɗai na gani. Sai na kalli Awudu, ɗan Zangon Kumasi da ke tsare wa ɗaya ɓangaren bes ɗin, na nuna masa da ido. Ya ce, "Alƙali, bai taka ba!" Na ce, "Ya fita." Da haka aka cinye su. Yaya Sale ya dafa kafaɗata ya ce, "Khalas, shi ke nan, ƙanena, aikinka ka yi." Saboda wasan baki na yi masa haka?

Ranar Talata Yaya Sale ya faɗi a wurin aiki, Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki Awudu ya miƙa wa ƙanin marigayin hannu, ya ƙi karɓa, ya ce, "Kai ka kunyata shi a wasansa na ƙarshe." Awudu ya dube ni, na sunkuyar da kai. Yanzu mutanenmu ba sa amsa gaisuwarsa, ya daina zuwa fili, kuma bai tona ni ba. Ni kuwa ƙanin nan kullum sai ya kira ni ya ce ni ne madadin yayansa.

In na faɗi gaskiya, na rasa ƙanin nan. In na yi shiru, Awudu na ɗauke da laifina. Wanda zan roƙa gafara kuma yana kabari. Me zan yi?