Barewar Habibu

Daren Asabar, unguwar Hindawiyya, ƙasa mai tsarki

Har yanzu hannuna ƙarni yake yi. Habibu, ƙanen maigidana, ya dawo daga farauta da kafilinsa, Balaraben da yake aiki a ƙarƙashinsa, ya dire mini barewa a kicin, wai in yi musu farfesu. Ya cika falo da kuri: "Wallahi Yaya, daga nesa na harbe ta, sai da madubin bindiga ake hango ta!"

A tumbi harsashin ya same ta. Da bakinsa ya ce ta yi ta gudu tana jan hanji, suna bin ta a mota, sai bayan la'asar suka yanka. Wai wannan ne jarumta. Ragon banza!

Da na juya ta zan feɗe, sai na ga hantsarta a cike. Na taɓa, nono ya zubo mini a hannu.

Na kira shi na nuna masa. Na ce, "Ina ɗanta?" Ya ɗaga kafaɗa: "Ta yaya zan gani daga can? Halas, zance ya ƙare, Yaya. Yalla, yi sauri, yunwa muke ji." Maigida kuma wai in ƙyale yaro, kada in haɗa shi da kafili.

Abin da idonka bai iya tantancewa ba, me ya kai ka harbinsa? Na ajiye wuƙa, na ce su nemi mai dafawa. Suna can suna fushi, su daɗe.

Na shayar da ɗiyata Ummi ta yi barci, ni na kasa. Ɗan barewar nan yana can cikin yashi yana jiran uwarsa.