Gurmin Baba a Bangon Oga Elvis

Yaya Labaran,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ka ce mata lafiyata lau, abinci ma ba laifi.

Ka tambayi gurmin marigayi Baba. Sau uku na kaɗa shi a gidan abincin Oga Elvis a Jabi, wallahi ba wanda ya ɗaga kai daga wayarsa. Su ne fa masu cika jarida da kishin al'ada! Oga ya ce kiɗan yana hana baƙi hira, amma gurmin yana da kyau. Ya rataye shi a bango, ni ya tura ni wankin kwanuka. Yanzu har layi suke yi su ɗauki hoto da shi. Tsirkiyarsa ta tsinke tun Talata, ba wanda ya lura.

A sa ni a addu'a.

Ƙaninka,
Zakariyya